Darasi na 9: Sakin Fuska da Nuna Himma a Taron da Ake Yi ta Waya

Tsawon darasi: awa ɗaya da rabi, bayan an gama zubi an kulle akwati.

Kayan da za a tanada: manyan wayoyi biyu masu caji, tabarmi, turmi ɗaya, da samfurin abin da matan ƙungiya suke sana'antawa, ko ɗan kaɗan ne.

Mai karantawa: sakatariya ko malamar ƙungiya. A karanta da ƙarfi, a hankali, a tsaya duk inda aka ce a tsaya.

Abin da muke so kowace mace ta tashi da shi

1. Ta san abin da mai kallonmu ta waya yake gani da wanda ba ya gani.
2. Ta iya nuna tana ji, tana so, ko ba ta yarda ba, ko da ba ita ke da magana ba.
3. Ta yi haka ba tare da ta zubar da kunyarta ko ta jefa kuɗin ƙungiya cikin haɗari ba.

Yadda muka rasa inji

Darasin yau da laifina zan buɗe shi, domin ni na fara faɗawa ramin kafin in zo ina nuna wa wasu hanya.

A daminar 2022, wadda ambaliya ta yi wa Jigawa ɓarnar da har yau ba mu manta ba, ina kula da ƙungiyoyi shida tsakanin Dutse, Kiyawa da Jahun. A cikinsu akwai wata ta mata 24, yawancinsu masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Suna zagaye na biyu. Littafinsu tsaf yake, babu wadda ta taɓa cin bashi ta ƙi biya, kuma ko ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya sai sun zauna. Sai wani ofishi ya ce zai ba wasu ƙungiyoyi injin markaɗen gyaɗa, amma sai ya ga matan tukuna. Ruwa ya cinye hanya, mota ba ta shiga, aka ce to a yi ganawar ta kiran bidiyo.

Na tara su a gindin wata darbejiya da hantsi. Na ce musu, "Don Allah a nutsu, manya ne za su yi magana, kada in ji surutu." Na riƙe wayar a hannuna ina tsaye, rana tana bayansu. Ma'aikaciyar ta yi bayani kusan minti ashirin. Da ta gama ta ce, "Kuna son injin nan? Za ku iya kula da shi?" Kowa ta sunkuyar da kai. Shugaba ta ce, "To." Ma'ajinmu kuwa ta rafka tagumi, ashe lissafin kuɗin mai take yi a zuci. Ana kashe waya wuri ya kaure da guɗa. Har la'asar suna gardamar ɗakin da za a kafa injin.

Bayan mako biyu sunaye suka fito, babu namu. Na kira ina tambaya, ma'aikaciyar ta ce, "Malama, matan nan naki kamar dole aka yi musu. Ko fuskar mutum ɗaya ban gani sosai ba." Na koma garin jikina a sanyaye. Shugaba, wadda a haife ta haife ni, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yar nan, ai ke kika ce mu yi shiru. Mu kuma a wajenmu shiru a gaban baƙo ladabi ne." Gaskiyarta. Kaka ta zo, gyaɗa ta yi araha, matan suna ta kai ta inji a wani gari, suna biyan kuɗin babur zuwa da dawowa, ribar tana tsiyayewa a hanya.

(A tsaya nan. A tambayi mata: da ku ne a wancan ofishin, me za ku ɗauka?)

Abin da waya take haɗiyewa

Idan baƙo ya zo da ƙafarsa, tun kafin mu buɗe baki ya san an yi maraba da shi. Ya ga an share fili an yayyafa ruwa, an yi sabuwar shimfiɗa, an kawo masa ruwa a kwanon sha, an durƙusa an gaishe shi, in zai tafi an yi masa rakiya har bakin mota. Ko mun yi shiru, waɗannan sun yi mana magana. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake bi ta waya. Abin da yake isa wajensa ɗan gilashi ne da bai wuce tafin hannu ba, mata ashirin a ciki, kowace fuska ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, da murya mai zuwa a makare tana yankewa. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A waya tabarmar ma ba a ganinta.

Kada mu ce abin na ɗan lokaci ne. Irin wannan taro ya yawaita tun 2020, da cutar korona ta hana tafiye-tafiye. A watan Afrilu na shekarar WhatsApp ya ƙara yawan waɗanda za su iya haɗuwa a kira ɗaya daga 4 zuwa 8, yanzu har 32 yana ɗauka. Korona ta lafa, sai kuma aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa ƙauye daga Dutse ko Kano ko Abuja ya zama sai an zauna an yi lissafi. Ofisoshi da yawa yanzu sun fi kira da zuwa. Lokacin ma ƙanƙane ne: Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa ya yanke. A cikin wannan ɗan lokaci wani zai yanke shawarar ko ƙungiyarmu ta cancanci horo, ko jari, ko a haɗa ta da mai sayen kaya da yawa.

Mu kuma tuna asalinmu. Wannan tsari na asusu da muke bi a yankin Maraɗi ya fara, a Jamhuriyar Nijar, a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Jigawa. Ƙungiyar CARE ce ta fara shi da matan karkara, aka sa masa suna Mata Masu Dubara, daga can ya bazu ƙasashe da yawa. Duk tsarin a kan gani da ido aka gina shi: akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, ba a buɗewa sai a gaban kowa, masu ƙirga biyu su ƙirga da ƙarfi kowa tana kallo. Mun saba amana sai an gani. To shi ma wanda yake can ƙarshen waya so yake ya gani.

Kafin a kira: shirya wuri

Rabin aikin tun kafin a danna kira ake yin sa.

*Haske.* Mu fuskanci haske, kada mu juya masa baya. In rana ko ƙofa ko taga tana bayanmu, baƙaƙen inuwoyi kawai za a gani, kamar yadda ya faru da mu. Mu zauna a inuwa, bango a bayanmu, fili a gabanmu. Inuwar bishiya mai ɗigon rana tana mai da fuska dabbare-dabbare. Ta gini ko rumfa ta fi. In a zaure ne, waya ta tsaya ta wajen ƙofa, mu kuma muna fuskantar ƙofar.

*Waya.* Kada a riƙe ta a hannu. Hannu yana rawa, mai kallo har jiri yake ji. A kifa turmi, a jingina ta da wani abu a kai, ta zo daidai fuskar wadda ke zaune. In ta yi ƙasa, haɓa da hanci za a gani. In ta yi sama, sai saman hijabi. A ajiye ta a gicciye don ta ɗebi mutane da yawa. A goge idon kamara da ƙyalle mai tsabta, domin mu masu aikin mai yatsa ɗaya ya isa ya sa hoto ya yi hazo.

*Zama.* Layi biyu ko uku, na gaba a tabarma, na baya a benci, a matso da juna. Shugaba, sakatariya da ma'aji su zauna gaba, kada nisansu da waya ya wuce kamu biyu ko uku.

*Ƙara.* Makirfon waya ba ya tantancewa. Zakara, daka, injin niƙa, kukan yaro, duk ɗaukarsu yake tare da muryar shugaba. A guji lokacin daka da ranar kasuwa. Masu cin kasuwar Shuwarin sun san ranar nan ba a samun kowa a gida. A samu 'yan mata biyu su ja yara gefe. Mai goyo ta zauna a bakin layi, in ya yi kuka ta fita ta dawo, babu tara.

*Caji da data.* A kai waya caji tun ana gobe taro. Bidiyo ya fi murya cin data nesa ba kusa ba, don haka a amince tun farko daga ina kuɗin datar zai fito, a rubuta a littafi. A gwada wurin da sabis ya fi ƙarfi. In ba ku san shi ba ku tambayi samarin garin, sun sani.

Ana cikin kira: jiki yana magana

*Fuska.* Ba a ce a yi ta washe baki kamar mai tallar man goge haƙori ba. A saki fuska yadda ake sakinta in 'yar uwa ta zo daga nesa. Lokacin gaisuwa ya fi ko'ina muhimmanci, don a nan baƙo yake fara auna mu. Ku lura da wani abu: yawancinmu in muna sauraro da kyau fuska takan ɗaure ba mu sani ba. Ido da ido ana gane nutsuwa ce, amma a waya sai ta yi kama da fushi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, to kada fuskarki ta ba da labarin da ba shi ne a zuciyarki ba.

*Ido.* Kamara wani ɗan baƙin ɗigo ne a gefen gilashin waya. In kina kallon fuskar mutum a gilashi, shi gani yake kamar wani wuri kike kallo; in kika kalli ɗigon, sai ya ga da shi kike. Mai magana ta riƙa ɗaga ido ga ɗigon lokaci zuwa lokaci, musamman in za ta faɗi adadi ko buƙata. Ni nakan manna 'yar jar takarda kusa da shi don a san inda yake. Sannan ki daina kallon kanki. Ɗan hotonki da ke gefe yana jan ido kamar madubi, sai a ga ana magana da mace ita tana ta gyaran hijabi.

*Kai.* Gyaɗa kai a hankali, sosai, sau biyu. Ƙaramin motsi ba ya fita in sabis ba shi da ƙarfi, hoto yana tsallake shi. Duk alamar da za ki yi, ki ƙara mata girma kaɗan, ki rage mata sauri, ki riƙe ta kamar ƙirgen ɗaya, biyu, uku.

*Jiki.* Ɗan karkatowa gaba yana nuna ana bin magana. Kishingiɗa, miƙe ƙafa wajen waya, juyawa ana hira da maƙwabciya, ɓarar gyaɗa ko ɗinkin hula ana taro, mu mun san hannu ne kawai yake aiki, kunne na nan. Mai kallo bai sani ba. Minti 40 ne, a ajiye. Tagumi kuwa a bar shi gaba ɗaya. In lissafi kike, ki nemi magana ki faɗi abin da kike lissafawa. Tambayar da ma'ajinmu ta haɗiye a kan kuɗin mai, da ta fito ranar, ita za ta fi komai nuna cewa da gaske muke.

*Hannu.* A nan a yi hattara. In za ki nemi magana, ɗaga yatsa ɗaya kamar 'yar makaranta, ko ki ɗaga hannu yatsu a haɗe. Kada ki ware yatsu biyar ki tura su gaban kamara, don in Bahaushe ne a can, daƙuwa kika yi masa, kuma waya tana ƙara wa duk abin da ya matso ta girma. Haka nan in baƙuwa daga wata ƙasa ta ɗaga muku tafin hannu a buɗe tana kaɗawa, gaisuwa ce a wajensu, kada ran kowa ya ɓaci. Na ga wata Gwaggo ta tashi daga taro saboda wannan, sai da muka bi ta har gida da ban haƙuri.

*Guɗa da tafi.* Suna da daɗi, amma makirfo ɗaya ne. In mace ta rangaɗa guɗa kusa da waya, duk abin da baƙo yake faɗa a lokacin ya tafi. A bari ya kai aya, shugaba ta ba da alama, sannan a yi tafi ko guɗa ɗaya mai kyau daga layin baya. Tafin a ɗaga shi daidai ƙirji don a gan shi. Abin da muka yi bayan an kashe waya a gindin darbejiya, da mun yi rubu'insa tana kunne, da ba mu rasa kakar nan ba.

*Nuna kaya.* Gani ya kori ji. Kwalbar mai, farantin ƙuli-ƙuli, sabulu, tabarmar kaba, hular da aka ɗinka, a matso da shi gaban kamara, a riƙe cak har a ƙirga biyar.

A wajen horo za ku iya jin ana cewa wai kashi 93 cikin ɗari na magana a fuska da murya yake. Asalin zancen binciken wani malamin jami'a ne a Amurka, Albert Mehrabian, a 1967, kuma abin da ya duba ƙarami ne: in ana maganar so ko ƙi, kalma ta ce abu ɗaya, fuska da murya suka ce wani, mutane sun fi gaskata fuska da murya. Bai ce kalmomi ba su da amfani ba. Sakin fuska zai sa a saurare mu, amma in an saurara sai an tarar littafi tsaf, lissafi daidai.

Maganar kunya

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: "Yo Malama, so kike mu fetsare, mu tsare namiji da ido?" A'a. Ni ma da kunyar nan aka raine ni, kuma da na je na yi difloma a Dutse ban baro ta a can ba. Amma ɗigon kamara gilashi ne. Kallo ɗaya in za ki fara magana ya wadatar, sannan ki mai da idonki kan littafi ko kan kayan da kike nunawa. Ƙungiya tana da ikon ta nemi a haɗa ta da ma'aikaciya mace. Tana kuma da haƙƙin a faɗa mata tun farko su wa za su kasance a kiran, ko za a naɗi hoton, da inda za a kai shi.

Mai niƙabi ba sai ta cire ba. Ido yana nuna murmushi, ga kai, ga hannu, ga murya. Wadda ba ta son a ga fuskarta, ko maigida bai amince ba, ta zauna gefen da kamara ba ta kaiwa, ta yi magana daga nan. Shugaba ta sanar: "Akwai mata huɗu a gefe, suna jin ku." Ba a tilasta wa kowa, ba a yi mata gori, ba a cin ta tara. Ya fi kyau a sanar da mazaje tun kwana biyu kafin kiran, kada magana ta taso daga baya.

'Yan uwana malamai, mu ma da namu. Aikinmu ne mu fassara mata ga baƙo. Yanzu ni da wannan nake buɗewa: "Ranki ya daɗe, in kin ga iyayena sun sunkuyar da kai, girmamawa ce, suna tare da ke." Kuma na daina cewa a yi shiru. Cewa nake a yi magana ɗaya bayan ɗaya.

In bidiyo ya ƙi

Sau da yawa sabis ba zai ɗauki hoto ba. Kada a ɓata rabin lokaci ana "kuna ganinmu?" A kashe kamara a ci gaba da murya. Murmushi ana jin sa a murya. Ku gwada yanzu: mace ɗaya ta ce "sannu da aiki" fuska a murtuke, ta sake faɗa tana murmushi, sauran su rufe ido su saurara.

Shiru a kiran murya yana sa mai magana ya zaci layi ya yanke. Don haka a wakilta mace ɗaya kusa da waya mai amsawa: "na'am", "haka ne", "muna ji", "madalla". Ɗaya fa, don in ashirin suka amsa tare hayaniya kawai za a ji. Saboda murya tana makara a hanya, in baƙo ya yi shiru a ƙirga ɗaya, biyu a zuci kafin a amsa, kada a yi ta karo. Mai magana ta fara da matsayinta: "Ma'aji ce ke magana."

Saƙon murya ma haka. A tashi zaune, a yi sallama da fara'a, a faɗi sunan ƙungiya da gari, a tafi kai tsaye ga magana, kada ya wuce minti ɗaya. In an turo sanarwa a zauren WhatsApp, kada a gani a yi gum. Ko alamar babban yatsa ce a danna a kan saƙon, mai turowa ya san ta iso.

"To" ba ta isa ba

Wannan sashen a karanta shi sau biyu.

"To" a bakin Bahaushiya ma'anarta da yawa. Akwai ta "na ji", akwai ta "na yarda", akwai ta "zan yi tunani", akwai ta "ban yarda ba amma ba zan musa maka a gaban jama'a ba". Mu muna gane wacce ce daga yadda aka ja ta. Baƙo a waya ba ya ganewa. Gyaɗa kai ma haka: ke "ina jin ka" kike nufi, shi ya rubuta "sun amince". Na san ƙungiyar da aka rubuta wa bashin taki ta haka, daga baya suna ta rantsuwa ba su ce suna so ba.

Saboda haka kada mu ɗauki himma a matsayin amincewa da duk abin da aka kawo. Macen da ta ce, "Nawa za mu biya? Yaushe? Akwai kuɗin ruwa a ciki? In inji ya lalace wa zai gyara?" ta fi mai murmushi kawai nuna himma. Ga alamomi biyar da ƙungiyoyina suke amfani da su. A faɗa wa baƙo ma'anarsu tun farkon kira:

1. Yatsa ɗaya sama: ina da magana.
2. Hannu a bayan kunne: ba ma ji, a maimaita.
3. Babban yatsa sama: na gane.
4. Girgiza kai a hankali: ban gane ba, ko ban yarda ba.
5. Hannu a ƙirji: mun gode.

Za ku ga babu alamar "mun amince" a ciki. Da gangan ne. Duk abin da ya shafi kuɗi, bashi ko sa hannu ba a yanke shi a kan waya. Shugaba ta ce cikin fara'a, "Mun ji, mun gode, za mu zauna mu ba ku amsa ranar kaza." A kashe waya, a tattauna, a yi ƙuri'a yadda dokar ƙungiya ta tanada, sakatariya ta rubuta.

Ku tuna kuma ɗan damfara ya fi kowa sakin fuska da daɗin baki. Kada a karɓi kira da sunan ƙungiya daga lambar da malama ba ta tabbatar ba. Kada a nuna akwati a buɗe, ko gidan da yake kwana, ko a ce ga masu makulli nan. Lambar sirri ta banki, lambar BVN, da lambobin da ake turowa ta saƙo, ba a karanta wa kowa su a waya, ko da ya ce daga ofishinmu yake. Tallafin da aka ce sai an tura kuɗi kafin a samu, a yi nesa da shi.

Yadda ta ƙare

Bayan wata huɗu aka sake zagayowa. Wannan karon a zauren mai unguwa muka zauna, waya a kan turmi, muna fuskantar ƙofa. Shugaba ta yi sallama tana kallon jar takarda. Ma'aji ta ɗaga yatsa ta tambayi man da injin yake sha. Wata Inna da ba ta taɓa magana a taro ba ta ɗaga kwalbar manta ta riƙe har hannunta yana rawa, sai da ma'aikaciyar ta yi dariya ta ce, "Inna, na gani, sauke." An ba su injin tare da ƙungiyar maƙwabtan gari, suna karɓa-karɓa. Sai dai a lokacin gyaɗa ta yi tsada, ribar waccan kakar ta riga ta wuce. Matan su ne dai na gindin darbejiya, littafin ma shi ne.

Gwaji (minti 30)

1. A raba mata gida biyu. Mata uku su ɗauki waya ɗaya su koma bayan gida ko wani ɗaki, su ne baƙi. Sauran su ne ƙungiya.
2. Kira na farko, minti uku: a zauna yadda aka saba, rana a baya, waya a hannu, kowa shiru. Baƙi su dawo su faɗi abin da suka gani.
3. Kira na biyu, minti biyar: a gyara haske da zama, a yi gaisuwa, a nuna kaya, kowace mace ta yi alama ɗaya daga cikin biyar ɗin.
4. Baƙi su kawo tayi: "Za mu ba ku bashin buhu goma, ku amsa yanzu." Ƙungiya ta yi tambayoyi uku, shugaba ta ɗage amsa cikin fara'a.
5. A canza baƙi, a maimaita da kamara a kashe.

In babu data, a buɗe kamarar waya a naɗi ƙungiya minti biyu, a kalla tare, sannan a goge a gaban kowa. Za a sha dariya, a bar ta, da ita ake koyo. Amma kada a ware mace ɗaya ana yi mata ba'a.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wace alama muke yi a garinmu da baƙo zai iya yi mata wata fassara?
2. Wa ya fi dacewa ta zama mai amsawa a kiran murya, kuma me ya sa?
3. In baƙo ya matsa sai an ba shi amsa nan take, me shugaba za ta ce?
4. Ta yaya za mu sa matan da ke gefen kamara su ji su ma da su ake yi?

Aikin mako

Kafin zama na gaba, shugaba da sakatariya su nemo wurin da ya fi haske da sabis a garin, su nemi izinin mai wurin. Sakatariya ta rubuta alamomi biyar ɗin a bangon littafi na ciki, ko a zana su don waɗanda ba sa karatun boko. Kowace mace ta zo da tambaya ɗaya da za ta yi wa baƙo in an kira mu gobe.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya kai mu rabo lafiya.